Abin da Ya Fitar da Ni daga Sahun Baffa

Shekara biyu da wata uku na yi ban bi Baffa sallah ba, alhali tsakanin ƙofar gidana da masallacinsa bai kai taku ɗari ba. Baffa ƙanin mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida bayan mahaifin namu ya rasu, shi ya fara koya mini babbaƙu a allo, kuma shi ne limamin unguwarmu a Dangora tun kafin in yi wayo. Wurina a masallaci sananne ne: sahun gaba, daidai bayansa, inda in ya yi mantuwa a karatu ni ke tuna masa. Ba wanda ya naɗa ni na'ibi. Mutane ne kawai suka bar mini wurin, ni kuma na karɓa ba tare da an roƙe ni ba, don ina son girma, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya raba ni da wurin nan gudawa ce. Yanzu ina rubuta kalmar ko a jikina, amma a lokacin, da a ce in furta ta a gaban Baffa gara a aike ni garin Doguwa a ƙasa.

Ta fara ne bayan an yi mini aiki a birni an cire mini matsarmama, saboda tsakuwa da ta taru a cikinta. Ciwon da ya kai ni asibiti ya tafi, wannan ya zo ya zauna a gurbinsa. Ba irin wadda ake yi kwana biyu a sha ruwan gishiri da sukari ta wuce ba ce. Ruwa ne tsagwaro, rawaya, mai zafi, kuma ba ya jira. Ciki zai murɗa sau ɗaya, daga nan sai abin da ƙafa ta iya. Da sassafe ta fi tsanani, sai kuma bayan na ci abinci. Wata rana sau biyar, wata rana sau takwas, wata rana in gaji da ƙirgawa.

Ni malamin sakandare ne, kimiyya nake koyarwa a wata makaranta da ke kan hanyar Kiru. A shekarun nan na haddace hanyar fiye da yadda na haddace darasin da nake koyarwa. Na san kowane kwalbati, kowace gonar rake, kowane kango da aka fara gini aka bari. Da damina masara da dawa suna rufa mini asiri. Da rani kuwa, bayan an kwashe amfani, ƙasar nan tamu sai ta zama fili fetal, mutum yana hango ka tun daga ƙauye na gaba. Na ɗaure buta a bayan babur, ba na rabuwa da ita. Ɗalibai suka riƙa cewa Malam akwai tsoron Allah, kullum cikin alwala yake.

Magani kuwa ba irin wanda ban sha ba. An yi mini na taifod har sau huɗu, don a wajenmu duk ciwon da aka rasa sunansa taifod ne. Na sha na tsutsar ciki. Na sha sabara, na sha ɓawon kalgo, na sha wani jiƙo da wani masunci a Bagauda ya rantse mini a kansa. Surukata, Bafulatana ce ta wajen Doguwa, da ta ga na rame sai ta riƙa aiko da man shanu kwalba-kwalba, wai a zuba mini a tuwo in murmure. In ci don kara, kafin a ɗauke kwano na riga na zari buta. Ita ma ba ta san ainihin abin da ke damuna ba. Matata kaɗai ta sani, na kuma hana ta faɗa.

Baffa ba ya gaggawa a karatu, musamman da asuba. Yana jan aya kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, mutanen unguwa kuma haka suke sonsa. Ranar farko da abin ya taso mini muna tsaye, sai na kama hancina kamar wanda haɓo ya zubo wa, na ratsa sahu huɗu na fita. Haka aka koya mana, kuma ya yi aiki. Bayan karo na biyu ladan ya tare ni yana ba ni labarin maganin haɓo, na yi masa godiya. A karo na uku na fita daga masallacin, amma ban kai makewayi ba. A soron gidana abin ya same ni, ina da shekara arba'in da ɗaya, ina da 'ya'ya biyar. Matata ta karɓi kayan ta wanke, ni kuwa ban iya kallonta ba. Daga ranar ban sake taka masallacin Baffa ba.

Na yi kusan wata ina sallah a ɗaki. Abin ya dame ni, don tunda na balaga ban saba sallah ni kaɗai ba. Sai wata rana ina dawowa daga makaranta cikina ya tsayar da ni a sabon masallacin da aka gina a bakin titi. Na shiga makewayinsu, na fito, na tsaya ina ƙirgawa. Guda shida ne, kowanne da ƙofa da sakata da famfo, kuma daga su zuwa ƙofar masallaci taku goma ne. Limaminsu matashi ne, yana karanta gajerun surori saboda matafiya. Na bi su la'asar a ƙarshen sahun baya, bakin ƙofa, hankalina kwance, abin da na daɗe ban samu ba. Washegari na koma. Daga nan ya zama can nake salloli biyar, a kan babur.

Sai dai mutanen wannan masallaci da mutanen namu ba su cika jituwa ba. Su suna kama hannu a ƙirji, mu muna saki. Mu muna addu'a tare bayan sallama, su kowa ya yi tasa. Akwai wasu abubuwan da suka fi waɗannan zafi, waɗanda suka raba wa da ƙani a garuruwa da yawa. A wajenmu ba a tambayar mutum ra'ayinsa, ƙafarsa ake kallo. Inda ta nufa in an kira sallah, can zuciyarsa take. Kafin sati biyu magana ta gama unguwa: ɗan Liman ya sauya aƙida, ya ce sallar tsohon ba ta yi.

Na ji maganar, kuma na bar ta. Wannan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa fiye da abin da ya faru a soro. Na auna biyun a raina, na ga gara a ce na yi ilimi na raina na gida da a ce ba na iya riƙe cikina. Na farko aƙalla akwai ɗan girma a ciki. Ni da ban taɓa zama wa'azinsu ko sau ɗaya ba, aka wayi gari samarin can suna ba ni hannu da fara'a, dattawan nan suna amsa gaisuwata a taƙaice.

Baffa bai taɓa tambayata ba. Kullum da hantsi in ba makaranta, ko da yamma in na dawo, ina zuwa zaurensa in durƙusa in gaishe shi. Yana amsawa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya sauya kaɗan ne. Da in na zo yana karatu da manyan ɗalibansa sai ya miƙo mini littafin ya ce in ja musu baƙi. Yanzu sai ya rufe littafin ya ɗora hannu a kai har in tashi. Sau ɗaya kawai ya ce, "Sallah dai ana yi ko?"

Na ce, "Ana yi, Baffa."

Ya ce, "To madalla. Ita ce dai."

Matata ta fi ni ganin abin da ke faruwa, don tana shiga cikin gidansa. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Malam, ka je ka gaya masa mana. Tsoho ne fa."

Na ce, "In gaya masa me?"

Ta ce, "Abin da nake wankewa."

Na yi fushi na fita, na yi kwana biyu ina amsa mata magana da kai. Ba don ta yi ƙarya ba.

A shekara ta biyu wani abokin aiki ya haɗa ni da wata likitar ciki a wani babban asibiti a birni. Ita ce ta farko da ta bar ni na gama magana. Ta tambayi launin abin, da lokacin da yake zuwa, da irin abincin da ke tayar da shi. Da na ambaci man shanu ta ɗago kai. Da na ce an cire mini matsarmama sai ta ajiye biro. Ta sa aka yi mini gwajin jini da na bayan gida, aka leƙa hanjina da na'ura, ba a ga komai ba. Da na koma sai ta zana mini hoto a bayan takarda.

Ta ce, "Malam, hanta tana yin ruwan ɗaci don narkar da maiƙo. In ya gama aikinsa, ƙarshen ƙaramin hanji yana tsotse shi ya mayar wa hanta, a sake amfani da shi. A wasu mutane, musamman bayan an cire matsarmama, ba duka ake tsotsewa ba. Sai ya gangara babban hanji, ya jawo ruwa, ya hana hanjin sakat. Ina zaton abin da ke damunka ke nan."

Na ce, "Zato, Likita? Ba yadda za a tabbatar?"

Ta ce akwai wani gwaji da ake yi a sashen da ke aiki da sinadarin nukiliya. Za a ba mutum ƙwaya ɗaya ya haɗiya. A cikinta akwai irin wannan ruwan ɗacin, an yi masa alama da ɗan burɓushin sinadarin, kaɗan ƙwarai, yadda na'ura za ta iya bin sawunsa. Bayan 'yan awoyi mutum ya kwanta a ƙarƙashin na'urar ta auna yawan abin da ke jikinsa. Ya tafi gida ya ci gaba da harkarsa. Ranar da ya cika kwana bakwai ya dawo a sake aunawa. In jiki yana tsotsewa yana mayarwa, za a tarar da saura mai yawa. In an tarar kaɗan ya rage, to ya zube ke nan, an kama ɓarawon.

Ban san lokacin da na matso da kujera ba. Na ce, "Yaushe za a yi mini?"

Ta ce, "Iya sanina ba a yin sa a ƙasar nan. Ba a kawo ƙwayar. Abin da muke yi shi ne mu ba ka wani garin magani da ke kama ɗacin a cikin hanji ya hana shi ɓarna. In gudawar ta tsaya, mun samu amsa. Shi ne gwajinmu a nan." Ta rubuta mini sunansa, ta ce in rage maiƙo, in dawo bayan wata ɗaya.

Mai hankali da daga nan kantin magani zai nufa. Ni kuwa na ninke takardar na sa a aljihu, na hau mota ina tunanin ƙwayar nan har Kwanar Dangora. Abin da nake so ba sauƙi kaɗai ba ne. Takarda nake so, mai hatimi, da lamba a jiki, wadda na'ura ta fitar. Har na tsara yadda za a yi. Zan shiga zaure in durƙusa in miƙa wa Baffa, ya juya ta ya ga Turanci ne, ya ce in karanta masa. Ni kuma in ce, an gwada ni da na'urar nukiliya an gano hanjina ba ya mayar da ruwan ɗaci. Magana mai tsafta, irin ta masu ilimi. Ba sai na ambaci buta ko soro ko makewayi shida ba.

Wata huɗu na yi ina bin wannan ƙwaya. Na karanta duk abin da wayata ta iya buɗewa a kanta, a ofishin malamai, a ƙarƙashin darbejiya, har a bayan gidan ma, tunda can na fi zama. Na ga an rubuta cewa garin maganin yana ɓata sakamakon gwajin in mutum yana kan shan sa, sai na riƙe wannan hujja na ƙi farawa, alhali a layi na gaba an ce dakatar da shi kawai ake yi na 'yan kwanaki. Na nemo lambar wani da muka yi makaranta tare, yana aiki a wani asibiti a kudu mai irin wannan sashe. Ya ce na'urar suna da ita, suna duba ƙashi da ƙoda da maƙoƙo, amma wannan ƙwaya bai taɓa ganinta da idonsa ba. Ya ba ni lambar wani, wanin ya ba ni ta wani. Na kira wani ɗan garinmu da ke karatu a Turai, ya ce can ana yi, ya fara lissafa mini takardun da zan nema kafin a ba ni izinin shiga, na ce masa katina ya kusa ƙarewa. Ko zama wuri ɗaya ba na iya yi. In ina aji hankalina yana kan waya, in ina gida ina zagaya tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Gudawar kuwa tana nan, ba ta san ana nema mata takarda ba.

Ladan ne ya dawo da ni hayyacina. Ranar kasuwa muka haɗu wajen masu taki, ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ce, "Ka ji Malam zai ajiye limanci bayan girbi? Ya tara dattawa ya ce a nemi wani."

Na ce, "Jikin nasa ne?"

Ya ce, "Jikinsa ƙalau." Ya tsaya yana kallona, sannan ya saki hannun ya tafi.

Washegari na nemi izini a makaranta na shiga birni. Sai a kanti na biyar na samu garin. A 'yan ƙananan ƙunshi yake zuwa, a dama da ruwa a sha, yana da gari-gari a harshe kamar an zuba rairayi a kunu. Rana ta farko ban ga komai ba. Rana ta uku na dawo daga sallar asuba na zauna a kan darduma ina jiran murɗawar da na saba, buta a gefena. Gari ya waye, yara suka tashi, aka dama koko, ina zaune. A rana ta biyar na karya kumallo na hau babur har makaranta ban tsaya ko a kwalbati ɗaya ba. Na kashe babur na sauka. Farin ciki na ji, da kuma haushin kaina mai yawa, don takardar maganin nan ta yi wata huɗu a aljihuna har ninkinta ya fara yagewa. Ba warkewa na yi ba. Har yau ina shan garin, har yau in na yi ganganci da maiƙo ina gane kurena. Amma na dawo mutum.

Ranar Asabar da hantsi na tafi zaure. Na jira ɗalibai suka watse. Ba takarda a hannuna, sai ƙunshin garin guda ɗaya da na ɗauko ban san dalili ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi yara, na amsa. Da ya ga ban tashi ba ya ce, "Da magana ne?"

Na ce, "Baffa, gudawa nake yi. Yau shekara biyu da wani abu."

Na sunkuyar da kai na faɗa masa duka. Na faɗi kama hanci, na faɗi soro, na faɗi abin da matata ta wanke. Na ce masa ban taɓa jin wa'azin kowa ba, makewayi na bi. Na ce na ji abin da ake faɗa a unguwa na yi shiru, don na fi jin kunyar cikina a kan ɓacin ransa. A nan na tsaya.

Baffa ya miƙo hannu. Ya karɓi ƙunshin garin ya juya shi, ya ajiye a kan buzu. Sannan ya ce, "Yanzu da sauƙi?"

Na ce, "Da sauƙi, Baffa."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Mai lalura ai yana da hukuncinsa, a zauren nan ka karanta shi. Da ka zo da mun duba tare." Ya gyara zama. "Bara bayan ƙaramar sallah na hau motar Tudun Wada, ban gaya wa kowa ba. Akwai wani mahaddaci a can, a haife bai wuce jikana ba. Na durƙusa a gabansa na karanta masa Fatiha sau uku, na ce ya gyara mini. Na ce masa ɗana mai ilimi ya daina bina, wataƙila harshena ya karkace da tsufa ban sani ba, kada in yi ta ɓata wa mutane sallah."

Na kasa ɗago kai. Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce ba gyara." Ya ƙara da cewa, "Da ya ce akwai, da na fi samun sauƙi. Don a mota ina dawowa na yi ta tunani, to in ba karatun ba ne, ni ne ke nan. Na yi ta bin abin da na yi maka tun kana yaro, ina neman inda na cuce ka."

Na yi kuka a zauren nan, irin wanda ban yi ba tun ina ƙarami. Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun kafin ya san laifin mene ne. Na roƙe shi ya janye maganar ajiye limancin. Ya ce ya riga ya faɗa a gaban dattawa, har sun yi wa wani magana ya amsa, ba zai kunyata mutum ba.

Bayan girbi ya ajiye, kamar yadda ya ce. Kwana talatin da huɗu na samu ina bin sa sallah kafin nan.